Ruwan da Muka Zuba wa Ɗan Jarida

Ni ban yi boko mai zurfi ba. A aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, na kama acaɓa a tashar Rano. Amma ina karanta jaridar Hausa, kuma bayan da sojoji suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, ni ne mai karanta wa 'yan tasha. Jaridar kan iso mana daga Kano a makare, wani lokaci ta sha maiƙo a hannun direba. In zauna a bencin mai shayi in karanta da ƙarfi, ana katse ni ana gardama. A lokacin mun yarda da ita. Mun ɗauka ɗan siyasa yana tsoron ganin sunansa a takarda, kuma in aka buga laifinsa zai gyara.

Mahaifiyata tana wani ƙauye a yankin Fammar, cikin Kibiya. An yi musu burtsatse mai tanki a sama, ɗan siyasar yankin ya zo da makaɗa ya buɗe. Ruwa ya zo na ɗan lokaci, injin ya mutu, shi ke nan. Suka koma kududdufin da Fulanin maƙwabta ke shayar da shanu. Inna ga ciwon gwiwa, ga ta ita kaɗai a gida tun da ƙannena mata suka yi aure. Kafin ta kai bokiti gida sai ta zauna a hanya ta huta, ruwan kuma sai ya kwana a randa ya kwanta kafin a iya sha. Abin da ya dame ni ke nan, ba siyasa ba.

Zaɓe ya matso, mutumin yana neman komawa kujerarsa. Wata rana na ɗauki wani fasinja mai jaka a kafaɗa, muna tafe muna hira, ashe wakilin jaridar ne. Na zayyane masa komai. Ya ce, "In gaskiya ne zan zo da kyamara. Yanzu ne suke jin zafin irin wannan." Muka sa rana.

Na je ƙauyen na sami mai unguwa, abokin marigayi mahaifina ne. Na ce, "Baba, don Allah kada a taɓa komai. Yadda wurin yake, haka nake so ya gani."

Ya ce, "To, ɗan boko, mun ji."

Ranar na goyo ɗan jaridar muka isa dab da azahar. Tun daga bakin gari na ga an yi abin da na hana. An share hanya. An nome ciyawar da ta rufe gindin burtsatsen, an kwashe kashin awaki, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Mata sun sha zannuwan salla. Ga fura da nono daga ruga, ga zabi an soya. Bayan gaisuwa baƙon ya ce zai yi alwala. Mai unguwa da kansa ya ja shi har bakin famfo, ya murɗa. Ruwa ya zubo, fari tas.

Na ja Baba gefe. "Wannan ruwan daga ina?"

"Rage murya. Jiya samari suka ɗauki amalanken shanu zuwa rijiyar maƙwabta, suka cika jarkoki, aka sa tsani aka juye a tankin."

"Baba, me na ce muku?"

"Baƙo daga Kano, mu miƙa masa ruwan kududdufi ya kurkure baki? Ya koma ya ce mutanen garin nan ƙazamai ne? Kai ba ka da kunya, mu muna da ita."

Kafin in juyo, ɗan jaridar ya riga ya fito da kyamara. Ya ce Baba ya zo ya tara hannu a ƙarƙashin famfon. Baba ya gyara hula ya tara, yana dariya. Aka tambaye shi ko akwai damuwa a garin, ya ce sai godiya. Haka zai ce ko da gidansa ke ci da wuta, tunda baƙo ne ya tambaya, kuma a gaban jama'a.

Na faɗa wa ɗan jaridar gaskiya, na kai shi kududdufin, ya ɗauki hotonsa da shanu a ciki. Na ce Inna ta ɗauko bokitinta a ɗauke ta.

Ta ce, "Ni za ka sa a takarda da bokiti a ka, surukanka su gani? Allah ya kiyaye." Ta juya wajen baƙon. "Ɗan nan, ka dai ci naman ko?"

A hanyar komawa yana bayana yana ta dariya. Ya ce, "Malam, mutanenka sun kashe maka labari. Zan rubuta duka biyun. Amma ka sani, ni nake rubutawa, ba ni nake zaɓar hoto ba."

Da jaridar ta iso tasha, ga Baba nan ƙato a shafin ciki, ruwa na zuba a tafinsa. Kan labarin yabo ne, wai ƙauyen ya rabu da ƙishirwa. Can ƙasa, a layin ƙarshe, an ce wasu na ƙorafin famfon yakan samu matsala. Babu kududdufi, babu shanu. Shafin da ke kallonsa kuwa fuskar ɗan siyasar ce daga sama har ƙasa, ana taya shi murnar ayyukan alheri.

Mai shayi ya ce, "Karanta mana, farfesa! Ashe ruwan famfo kuke sha kuna mana kukan ƙishi."

Na karanta musu har ƙarshe. Ban tsallake komai ba.

Na sake haɗuwa da ɗan jaridar a tasha bayan nan. Bai ɓuya ba, wannan kam na yaba masa. Na ce, "Kai ka ga kududdufin nan da idonka."

Ya ce, "Na gani, na kuma miƙa hoton. Ku nawa ne kuke sayen jarida a tashar nan?"

"Guda ɗaya muke saya mu duka."

"To shi ɗan siyasar shafi sukutum yake saya, kowane mako. In kai ne edita, wa za ka ɓata wa rai? Kuma ruwan nan ba ni na zuba shi ba."

Na tada babur na tafi.

Duk da haka na lallaɓa dattawa muka je gidan ɗan siyasar. Muka daɗe a zaure kafin wani na hannun damansa ya fito, jaridar na hannunsa. Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu, ya buɗe shafin a gaban mai unguwa.

"Baba, wannan ba kai ba ne?"

Baba ya kalli hotonsa. Ya ce, "Ni ne."

"Ruwa ne wannan ko ba ruwa ba?"

"Ruwa ne."

"To alhamdu lillahi. In ya lalace ku sanar da mu."

Aka raka mu ƙofa da mutunci. Kafin zaɓe hoton nan ya koma fosta, na gan shi a bangon shaguna har Rurum. Mutumin ya ci zaɓensa, a ƙauyenmu ma ya samu ƙuri'a ba kaɗan ba.

Ba a taɓa gyara burtsatsen ba. Tankin ya tsage saboda zafin rana, daga baya iska ta kayar da shi. Na koma ɗaura jarka biyu a bayan babur ina kai wa Inna duk lokacin da na samu sarari, ita kuma ta rarraba wa maƙwabta, in ya ƙare ta ɗauki bokitinta. Na ce ta dawo Rano wajena, ta ce ba za ta bar ɗakinta ba. Ranar da ta rasu, ruwan da aka yi mata wanka da shi ma a babur na ɗauko shi daga Kibiya.