Haliru Mai Gyaran Tarho

Haliru Bawa mutumin Rawayya ne, amma a Gusau ya yi suna, a kan turakun wayar tarho. Shekara da shekaru shi ke gyaran layukan gari, kuma da gangan ya cukurkuɗa wayoyin yadda babu mai gane kansu sai shi. In layin ɗan kasuwa ya mutu, dole ya bi Haliru da lallashi. Wanda ya taɓa yi masa kallon banza kuwa, tarhonsa sai ya gaji da yin shiru.

Da Gusau ta zama babban birnin jiha, ofisoshi suka yawaita, sai kamfanin tarhon da Haliru ke yi wa aiki ya turo wani injiniya mai suna Idris a 1998. Idris ya tara ma'aikata ya ce za a warware layukan a sake tsara su, a haɗa su da kwamfutar da za ta nuna inda matsala take da kanta. Ya ce nan gaba wani abu wai shi intanet zai biyo ta waɗannan wayoyi, kuma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da tsani.

"Baba Haliru, zo ka nuna mini yadda ka haɗa akwatin wayoyin bakin kasuwa," in ji Idris.

"Tambayi kwamfutarka. Ba ka ce ta san komi ba?"

Daga ranar Haliru ya daina amsa masa sallama. Ya shiga kasuwa yana yaɗa cewa na'urar sauraren hirar mutane za ta yi. Idris ma bai raga masa ba, ya karɓe babur ɗin aiki, ya mayar da shi gadin sito, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ya gama.

Ranar gwaji, Haliru ya hau mota ya sauka a hanyar Bungudu, ya kutsa cikin gonar dawa ya datse waya, don a ce aikin banza ne. Na'urar ta nuna wurin. Motar kamfani ta tarar da shi a bakin titi yana jiran abin hawa, filaya na leƙowa daga aljihunsa.

Aka sallame shi. Ya koma Tsafe kusa da 'yarsa Asabe, ya kafa tebur yana gyaran rediyo. Sau ɗaya Idris ya tsaya da mota don ya gaishe shi. Haliru ya ce wa mai shayin da ke gefensa, "Gaya masa na tafi masallaci," ya ci gaba da kwance rediyon da ke hannunsa.