Kan Wayar Birkin da Ban Zuba wa Dalma Ba

Tun yana da rai Baba ya ba ƙanena babur ɗinsa kyauta. Tsohon babur ne mai kaurin tanki, ya girmi ƙanen nawa. Ni ke gyaran babura a bakin kasuwar Batsari, ni na san cikinsa da bayansa, amma Baba ya ce ni ina da sana'a, shi ba ya da ita. Na ce to. A zuciyata ban ce to ba.

Shekarun tsada ne. Mutane suka jingine baburansu, gyara ya yi ƙaranci. Shi kuwa yana acaba tsakanin Wagini da Safana, duk inda ya tsaya dattawa su shafa tankin su ce, "Allah ya ji ƙan mai shi." Ni ina rumfa ina kallo, raina na suya.

Wata Laraba ƙanen nawa ya turo babur ɗin rumfata.

"Yaya, wayoyin nan sun gaji. Totur har maƙalewa yake."

"To, mai babur. Ai ku ne manya."

"Manya masu turawa da ƙafa," ya ce yana dariya.

Irin wayoyinsa na da sun ɓace a kasuwa, sai na zamani, waɗanda suka fi tsawo. Dole a rage su, a baje silin ƙarfen da ke bakinsu, a narka dalma a zuba, a yi sabon kai. Na yi wa wayar totur haka, na yi wa ta kuloci. Ta birkin gaba kuwa na matse kanta da filaya kawai. Ba mantuwa ba ce. So nake babur ɗin ya dinga ba shi wahala har ya gaji ya bar mini. Na ce wa raina ai akwai birkin ƙafa.

Bayan kwana huɗu ya ɗauki Inna zuwa asibitin Safana. A gangaren wani kwazazzabo ya damƙi birki, wayar ta zare, suka faɗi. Inna ta karye a wuyan hannu.

Ya zo da wayar a aljihu, gwiwarsa duk jini.

"Yaya, kayan zamani ba su da amana."

Da na yi shiru, da maganar ta mutu nan. Kwana uku na yi shiru kuwa. Ran na huɗu na ga matata tana ba Inna tuwo a baki, sai na kira shi, na faɗa masa abin da na yi a gaban Inna.



"Da ka ce kana so, Yaya, da na ba ka."

Ban sani ba ko da zai ba ni. Ya ce ya yafe, Inna ma ta ce ta yafe. Hannunta bai sake riƙe taɓarya ba. Har yau in ya biyo ta rumfata yakan sauka ya gaishe ni, amma gyara sai Safana yake kai babur ɗin.