Kalma ta Tara a Rigar Yara

Har yau ina riƙe da lokacin a kaina: ƙarfe goma da minti arba'in na safiyar wata Talata, wata 'yar kasuwa, Hajiya Uwani, ta shigo ofishinmu da rigar yara a leda. Ina shekara ta biyu a jami'a a Guangzhou, makaranta ta ba ni izinin horon aiki kwana uku a mako a wani ofishin tura kaya da ke hawa na tara a unguwar Xiaobei. Mai ofishin, Malam Sabi'u, mutumin Kano ne.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: yawancin 'yan kasuwarmu ba sa tura tufa mai rubutu sai sun san abin da rubutun ya ce, domin a cikinta za a yi salla, a cikinta yara za su je Islamiyya. Saboda haka muna da takarda guda. A jera kalmomin da ke jikin kaya, a rubuta ma'anar kowace, a sa hannu, sannan kaya su shiga kwantena. Cike takardar nan shi ne aikina. Akwai kuma wata al'ada da na tarar: duk kalmar da waya ta kasa fassarawa, sai a rubuta "sunan kamfani" a gabanta, a wuce.

Hajiya ta sayi katan goma sha biyu na rigunan a kasuwar Sanyuanli, masu zanen furanni da teku, kuma ƙarfe huɗu za a rufe kwantena. Kalmomi tara ne a jiki, duk da harshen mutanen Hawai. Na buɗe ƙamus a kwamfuta. Takwas ba su ba ni wahala ba. Aloha gaisuwa ce, ƙauna ce kuma. Mahalo godiya. ʻOhana dangi. Kai teku, makai kuma wajen teku. Na ji daɗin yadda kalma ke fita daga cikin 'yar'uwarta, har na fara kwafa a littafina.

Ta taran tana ƙarƙashin hoton kunkurun teku: ʻaumakua. Waya ta maido mini da ita yadda na ba ta.

"Sunan kamfani ne," in ji Malam Sabi'u, bai ko ɗago kai ba. "Rubuta, Nafisa, mota na jira a ƙasa."

Na ce to, amma ban rubuta ba. A ƙamus na ga makua, wato uwa ko uba. Da a nan na tsaya, da na rubuta "iyaye" hankalina kwance. Sai dai ita kalmar tana da nata gurbi, kuma abin da ke wurin ya yi maganar kakanni da abin da iyali ke neman tsari gare shi. Ban yarda da fahimtata ni kaɗai ba. A jami'armu akwai wata malamar Turanci haifaffiyar Hawai, wadda ban taɓa yi wa magana ba sai gaisuwa. Sau uku ina rubuta saƙo ina gogewa kafin na tura mata hoton rigar.

Bayan azahar Hajiya ta dawo daga cin abinci.

"'Yata, har yanzu? Ko rigar ce ta ƙi magana?"

"Saura kalma ɗaya, Hajiya."

"Wannan yarinya taka, Sabi'u, ko takardar biredi aka ba ta sai ta nemo kakan mai gidan biredin."

Suka yi dariya. Malam Sabi'u ya matso, ya rage murya. "Shekara shida muna cike takardar nan, ba wanda ya taɓa dawo da kaya. In aikin ya fi ƙarfinki, ki faɗa mini."

Ƙarfe uku saura kwata amsa ta zo. Malamar ta ce ʻaumakua kaka ne da ya rasu, wanda iyali suka ɗauka yana tsare su, yakan bayyana a siffar dabba, kuma akan roƙe shi. Ta ce na gidansu kunkuru ne. Ta ƙara da cewa kakarta ma ba za ta so ganin kalmar a rigar kasuwa ba.

Na rubuta hakan a layi na tara, na sa hannu, na miƙa wa Hajiya, ba Malam Sabi'u ba. Ta karanta sau biyu.

"Katan nawa ke da kunkurun?"

"Huɗu."

"A sauke su."

Ta kira mai shagon a gabanmu. Muna jin muryarsa yana ta "meiyou, meiyou", wato babu mayarwa. Daga baya ya yarda ya canza mata da masu furanni zalla, amma sai mako na gaba. Kwantena ta tafi da katan takwas, da gurbin da Malam Sabi'u bai samu mai cikewa ba.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, 'yan kasuwar nan ba takarda suke nema ba. So suke wani ya duba a madadinsu, domin ba su da lokaci, kuma sun ɗauka an duba. Shi ma Malam Sabi'u ba mugu ba ne. Ba a taɓa kawo masa wanda zai zauna da kalma ɗaya awa huɗu ba.

Da aka tashi na haɗa jakata, na tsaya a bakin ƙofa. Da ƙyar na tambayi Malam Sabi'u ko in zo ranar Alhamis.

Ya jawo durowa, ya fito da tsofaffin takardun, tuli guda, ya ajiye a kan teburina.

"Ki zo da wuri," ya ce. "Duk inda kika ga na rubuta sunan kamfani, ki nemo mini abin da na tura wa mutane."