Kwana Huɗu Ina Jiran Dutse

A shekarata ta biyar a Dubai na yanke hukuncin cewa ni mai ɗaukar hoto ne. Babu wanda ya nemi in zama, ni ma ban shawarci kowa ba. Ainihin aikina zanen bututun ruwa ne a wani kamfanin gine-gine, inda nake wuni gaban kwamfuta ina tabbatar da cewa ruwan banɗakin hawa na arba'in ya san hanyarsa ta zuwa ƙasa. Mai irin wannan sana'a yana bukatar wani abin da zai riƙa faɗa idan aka tambaye shi a wurin walima. Sai na sayi kyamara ta hannu wajen wani abokin aiki da zai koma ƙasarsu, da sandarta mai ƙafa uku, da wata jaka mai aljihuna da har yau ban gama gano su ba.

Muna zaune a unguwar Al Nahda, mu biyu a ɗaki ɗaya. Abokin zamana ɗan Zongon Kumasi ne, ya girme ni sosai. Ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Injiniya da wata murya mai nuna har yanzu yana jiran hujja. Gadi yake yi a wani katafaren kanti mai filin dusar ƙanƙara a cikinsa, bayan gilashi, inda mutane ke sa rigar sanyi su yi ta sulu alhali a waje rana tana narka kwalta. Shekara shida yana tsaye a bakin wurin. Don haka a ganinsa duk Afirka ta Yamma babu wanda ya kai shi sanin ƙanƙara.

Da na gaya masa zan yi hutuna a tsaunukan ƙasar Jojiya in ɗauko hotunan duwatsu, sai ya ajiye cokali.

"Hoton wa za ka ɗauka a can?"

"Ba na mutane ba ne, Yaya. Na ƙasa ne. Duwatsu, kwari, sararin sama."

"Wato za ka hau jirgi ka je ka ɗauki hoton inda babu kowa." Ya jinjina kai. "Boko ya yi rana. Zan bi ka, kada ka mutu."

Ya ƙi sayen takalmin sanyi. Ya ce ya san abin, shwayya ne, wato ɗan kaɗan, minti biyar jiki ya saba. Ya tafi da takalmin aikinsa da safa biyu.

Daga filin jirgi muka shiga ƙaramar bas, ta yi ta hawa da mu kusan rabin wuni a kan hanya mai lanƙwasa kamar hanjin akuya. Inda muka tsaya shan shayi, masanin ƙanƙara ya sauka da ƙarfinsa, ya taka dusar da ke ƙasa sau uku, ya dawo mota ya zauna.

"Wannan ba irin tamu ba ce," in ji shi. "Tamu ana kula da ita."

Mun sauka a gidan wata tsohuwa da ke ba baƙi hayar ɗaki a ƙauyen da ke gindin dutsen da na zo ɗauka hoto. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin yarenta, amma ta dubi ƙafar Yaya sau ɗaya ta shiga ciki ta fito da wasu takalma na roba masu gashi a ciki, da alama na mijinta ne. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi kujerar Makka. Na nuna mata hoton dutsen a wayata, ta ja ni zuwa ƙofa ta miƙa yatsa sama. Na duba. Fari ne fat, daga katangarta har inda ido ya tsaya. Gajimare ya sauko ya zauna a kan komai. Ta gyaɗa kai da alfahari, kamar mai nuna ɗanta da ya gama jami'a.

Kwana uku ina fita da safe in kafa sandar kyamara, in saita ta inda tsohuwar ta nuna, in tsaya. Na ɗauki hotuna masu yawa. Duk wanda ya taɓa buɗe firji ya leƙa ya ga irinsu. Yaya kan duba allon kyamarar ya ce, "Wannan ya fi na jiya. Farinsa ya fi zama." Sannan ya koma kicin, inda shi da tsohuwar suka ƙulla abota ba tare da kalma ɗaya ba. Duk abincin da ta ajiye sai ya yi mata kukan alade yana ɗaga gira, ita kuma ta amsa da kukan saniya, sai ya yi bisimilla. Burodi mai cuku ya ci har fuskarsa ta fara sheƙi.

A nan na koyi cewa sanyi yana shanye batir kamar yadda yashi ke shanye ruwa. Tsohuwar ce ta nuna mini magani: ta zare batirin, ta cusa shi a hammatarta, ta miƙo mini. Daga ranar nake yawo da hannu ɗaya manne da haƙarƙari kamar mai ɓoye kayan sata.

Ranar huɗu, ranar komawarmu, na hau wani tudu bayan ƙauyen bayan mun yi asuba. Yaya ya biyo ni, wai don ya yi wa ƙanƙara sallama. Mun tsaya kusan awa guda, yatsuna sun daina amsa kira. Ya ce, "Injiniya, khalas, yalla, ya isa haka, mu tafi. Dutsen nan ba ya gida."

Ina cikin naɗe sandar sai iska ta taso daga hagu, gajimaren ya tsage. Ga shi nan. Ya fi inda nake saita kyamara tsawo nesa ba kusa ba, ashe kwana uku ƙugunsa nake nema. Rana ta taɓa ƙololuwarsa ta yi ja kamar garwashi, ƙasansa kuwa shuɗi-shuɗi, shiru.

Na cire safar hannu da haƙori, na cusa hannu cikin riga, na zaro batirin. Yatsuna suka sake shi. Ya faɗa cikin dusar, ya nutse, ya bar ɗan rami kamar na gyare. Na durƙusa ina tono da hannu biyu.

"Bar shi ka duba," in ji Yaya a hankali. "Duba kawai."

Na ɗago ina durƙushe na duba. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila minti biyu. Na ji shi yana tasbihi a bayana, kuma a karon farko tun da na san shi babu zolaya a muryarsa. Sannan gajimaren ya dawo ya rufe. Batirin kuwa na same shi a ƙarƙashin gwiwata.

Sai a cikin bas ya miƙo mini wayarsa mai fasasshen gilashi. Ya ɗauki hoto ɗaya tak. Dutsen ya fito sarai, da jan kansa da komai. A gabansa, daidai tsakiya, ga ni a durƙushe, kaina a ƙasa, bayana a sama, kamar kaza tana neman tsaba.

"Na so in cire ka," in ji shi, "amma ka cika wurin."

Da muka dawo na tura wa mahaifiyata hoton a Kano, tare da dogon bayani a kan tsayin dutsen da hasken safiya. Ta aiko da saƙon murya. Ta ce ta gani, Allah ya yi albarka, wuri ya yi kyau. Sannan ta tambaya ko abin da na yar ɗin na same shi, kuma me ya sa duk faɗin ƙasar ba a samu wanda zai share musu hanya ba.