Aiki Uku na Kallamu

Kallamu ne mai shanun huɗa a ƙauyenmu, nan kusa da Makoɗa. Kakansa daga Borno ya zo, shi kuwa a nan aka haife shi, amma ban san mutum biyar da ke jin daɗin hulɗa da shi ba.

Aikinsa ba shi da aibu, kunyar da ya ja miƙaƙƙiya take. Halinsa ne matsalar. Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗauki alli ya rubuta aiki uku a ƙyauren zaurensa. Uku kawai. Wanda ya gama ya goge da babban yatsa. Wayarsa a kashe take sai ya goge na ƙarshe. Ko gaisuwa ka yi masa yana kan aiki, hannu kawai zai ɗaga maka. Ranar sunan ɗan maƙwabcinsa bai leƙa ba sai bayan la'asar, wai a ranar ya rubuta gyaran garma.

Da damina, sunayen masu gonaki yake jerawa a ƙasan ƙyauren, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Bara da aka yi ruwan shukar gyaɗa, yayansa Basiru, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo ya tarar da sunansa na goma sha ɗaya.

"Kallamu, kafin ka iso kaina danshin nan ya tafi," in ji Basiru.

"Tun watan jiya na ce ka zo ka faɗa, Yaya. Ba ka zo ba."

"Ni ma sai na bi layi a gidan ubana?"

"Ramlat ce ta farko. Mijinta ya rasu, kuma ta riga ka zuwa. In goge ta?"

Basiru ya sa hannun riga ya share sunayen kaf. Kallamu ya ɗauko alli ya sake rubuta su daga ka, babu wanda ya ɓace masa, sai dai a wannan karon ya mai da Basiru can ƙarshe, na goma sha shida, wai ya ɓata masa safiya.

Basiru ya yi rantsuwa shanun nan ba za su ƙara taka gonarsa ba. Shi da matarsa suka yi huɗar da hannu, kwana takwas. Gyaɗar ta makara, ba ta yi 'ya'ya sosai ba.

Dattawa sun zaunar da su sau biyu a ƙofar gidan mai unguwa. Kallamu ya ce shi bai ga laifin da ya yi ba, ya kuma tashi kafin a shafa fatiha don lokacin ba shanu ruwa ya yi. Har yau in sun haɗu a masallaci, Basiru yakan jira ya ga sahun da ƙanensa ya shiga, sannan ya nemi wani.