Muryar Malama Dorcas a Cikin Randa

Malama Dorcas Bitrus, mai kula da ɗakin karatu na wata makarantar firamare a Unguwar Rogo, ta rasu ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, bayan gajeruwar jinya. Ni sufeton makarantu ne, kuma abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa.

Da gwamnati ta buɗe ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa har bakin taga, littattafai kuwa ba su ƙaru ba. Ma'aikatarmu ta aika wa makarantar rakoda guda, ba tare da wani bayani ba. A wasu makarantun an kulle irinta a kabad. Ke kuwa, Malama, sai kika zauna kika karanta littattafan ɗakin cikin kaset, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. In shafi ya ƙare, ki buga cokali a jikin kofi, yara su juya. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina kallonsu sun haɗa kai kan littafi guda, kowa yana bin layi da yatsa, har wanda jiya ke tsoron baƙi ya fara riga muryarki furta kalma.

Zafin Sakkwato ya lanƙwasa kaset ɗin farko. Kika samo sabuwar randa, kika kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, kika adana sauran a ciki. Na taɓa tambayar ki ko hakan yana cikin ƙa'ida. Kika ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar ba ta taɓa yin bazara a garin nan ba."

Bayan jana'iza, mijinki Malam Bitrus kafinta ya zo kwashe kayanki, zai koma gida Pankshin da 'ya'yanku. Kaset-kaset ɗin naki ne, ba na gwamnati ba. Ya ƙunshe su cikin zane, ya ce mini, "Ko hoton kirki ba ta bari ba. Muryar nan kaɗai ta rage mana." 

Ana haka 'yan aji uku suka shigo, lokacin karatunsu ya yi, suka zauna kan tabarma kamar kullum. Wata yarinya, Zulaihatu, ta dubi ƙunshin ta ce, "Baba, ina za ka kai Malama?"

Malam Bitrus ya dubi yaran. Sannan ya kwance zanen, ya mayar da su duka cikin randa, ya nemi a nuna masa inda ake dannawa a jikin rakodar. Ya zauna tare da yaran har littafin ya ƙare.

Allah Ya yi miki jinƙai, Ya saka miki da alherin da kika yi wa 'ya'yan mutane. Ya ba Malam Bitrus da 'ya'yanku da ɗalibanki haƙurin wannan rashi.

Maccido Jibrin, Sakkwato

Gyara: na rubuta cewa Malam Bitrus ya mayar da kaset-kaset ɗin duka. Shugaban makarantar ya sanar da ni cewa ya tafi da guda, wanda a cikinsa dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar shafi, ta manta ba ta kashe rakodar ba.