Haddis Mai Gurnani

Idan na yi kuka a tsakiyar labarin nan, mai rubuta min ta ci gaba kawai. Hawaye ba sa hana ni magana.

Shekarar da Malam, maigidana, zai rasu, babbar 'yarmu da ke aikin buga takardu a Rano ta zo mana Kibiya, ta ɗauki muryarsa a waya bai sani ba. Ba wa'azi yake ba, ba wasiyya ba. Faɗa yake da akuyar maƙwabta da ta ci masa harawa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke, ina furar nan?" Ta zuba muryar a kwamfutarta. Wayar kuwa ta daɗe da lalacewa, don haka nan kaɗai ya rage mana.

Da na fita takaba na koma wurinta da zama. Kowace Juma'a bayan la'asar takan kunna min shi, in yi kukana in ƙoshi, in tashi in ɗora girki.

Wata rana ta dawo ranta a ɓace ta ce, "Inna, hadisina ya mutu."

Na ce, "A'uzubillahi! A zamanin Shari'ar nan? Rufe bakinki kar a ji."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai haddis ta ce, wani ƙarfe ne a cikin akwatin kwamfutar, shi ne rumbun da ake ajiye komai. Mai shagon da ya sayar mata ya ce akwai garanti, wato alkawari ne, in ya lalace kafin shekara za a ba da wani. Ya cika alkawari. Ya lallaɓa ya kwaso Malam daga mataccen, ya zuba shi a sabon.

To sabon nan, Allah ya shirye shi. Da an kunna sai ƙur-ƙur-ƙur, kamar injin markaɗe ya ci tsakuwa. Na ce ɓera ne, na kawo kyanwa na zaunar kusa da shi, ta hau kai ta yi barcinta. Na ce to ƙishin mai yake, na ɗauko man gyaɗa a ludayi, 'yar nan ta tare ni a ƙofa tana salati. Na lulluɓe shi da bargo, ya yi zafi kamar mai masassara. Abin da ya fi ci min rai, Malam yana magana, shi yana gurnani a kai. Rabin faɗan akuyar ma ba na ji.

Ta ce alamar mutuwa ce, gara a mayar a karɓo wani. Na ce, "Da Malam a ciki?" Ta ce za a fitar da shi tukuna. Na ce ni dai ƙafata ƙafarsa.

Muka hau acaɓa, akwatin a cinyata. A shagon na shimfiɗa mayafina na zauna.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, ku bar shi, jibi ku dawo."

Na ce, "Ɗana, sau ɗaya na bari aka fita da shi daga gida ban bi ba. Ba zan ƙara ba."

Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce, "To Hajiya, bari in zuba miki shi a faifai." Na ce da ya faɗa tun ina gida da na taho da nawa na kaba. Ya ce nasa na roba ne, mai walƙiya. Ya zuba a guda biyu, don kar in ce masa komai. Na ce ban yarda ba sai na ji da kunnena.

Ya saka faifan a tasa kwamfutar, wadda ba ta ko tari. Ga Malam tas, ga akuya, har kukan kaji. Ya ce, "Ke, ina furar nan?" Nan 'yata ta saba kashewa, don daga nan sai shuru. Mai shagon bai sani ba, ya bar shi yana tafiya. Can ƙasa-ƙasa, daga wajen madafa, sai na ji wata mata ta ce, "Ka sha akuyar mana!" Malam ya yi dariya a hankali, irin wadda ba ya so in ji.

'Yata ta dube ni. Na ce, "Ni ce."

Na yi kuka a shagon mutane har masu jiran layi suka fita waje. Da na share fuska na ce wa mai shagon ya riƙe haddis ɗinsa, ya mayar wa masu shi. Faifai ɗaya na ba 'yata, ɗayan na ƙulle a bakin zane, muka nemi acaɓa.